Tsohon Injin Wanki da Tambayar da Ya Bar Mana

Akwai tambayar da ba mu cika yi wa kanmu ba, domin muna ganin amsarta a fili take. Tambayar ita ce: shin duk abin da ya rage wa mutum wahala alheri ne gare shi? Wadda ta wuni a tsugune a gaban baho tana cuɗa kayan iyali har bayanta ya ƙage za ta ce ƙwarai kuwa, kuma tana da gaskiyarta. Amma akwai waɗansu masu bi a ƙasar Amurka da suke da halin sayen injin wanki na zamani, suna kuma ganinsa a kantuna, duk da haka suka riƙe wani tsohon inji wanda kamfanin da ya fi shahara da ƙera shi ya daina yi tun shekarar 1983. Bari mu tsaya a gaban wannan inji mu dube shi da kyau, gama akwai abin koyi a cikinsa game da aiki, da lokaci, da kuma wanda yake ɗauke da nauyin gidajenmu.

Injin nan baho ne mai zurfi na ƙarfe, a tsaye bisa ƙafafu huɗu, tsayinsa ya kai ƙugun mutum. A tsakiyar bahon akwai wani abu mai fikafikai, kamar maburgin miya, yana juyawa dama da hagu yana kaɗa ruwa da tufafi. A samansa kuma akwai mamatsi, wato sanduna biyu mulmulallu da aka lulluɓe da roba, ɗaya bisa ɗaya, suna juyawa suna haɗiye duk abin da aka miƙa musu, su fitar da shi ta ɗaya gefen a matse, ruwan kuwa ya koma cikin baho. Iyakar aikin injin ke nan, cuɗawa da matsewa. Ba ya ɗebo wa kansa ruwa, ba ya ɗauraya, ba ya kuma sanin lokacin da wanki ya fita. Sauran aikin duk yana wuyan mai wanki.

Ga yadda ranar wankin take. Tun da asuba uwar gida za ta dafa ruwa, ta cika bahon injin da bokiti ko da tiyo, ta zuba sabulu. A gefe kuma ta jera manyan bahuna biyu na ruwan sanyi domin ɗauraya, a na biyun sau da yawa akan ɗiga bula don fararen kaya su yi haske. Sa'an nan ta kasa tufafi kashi kashi a ƙasa. Wannan rabon yana da muhimmanci, domin da ruwa ɗaya za a wanke kaya bi da bi. Fararen kaya da zannuwan gado su ne na farko, tun ruwa yana da zafi da tsabta. Sai masu launi mai haske, sai masu duhu, sai kayan gona masu taɓo da maiƙo, daga ƙarshe tsummokin goge ƙasa. Idan aka gama, a sauke tiyo ruwan ya tsiyaye, a yi wankin daɓe da shi ko a kai shi lambu. Wanda ya taɓa sayen ruwa a wurin mai garuwa ba ya bukatar a bayyana masa hikimar wannan tsari.

Kowane kashi yakan yi minti goma ko fiye yana kaɗawa. Sai a tsamo tufa ɗaya ɗaya da sanda, saboda zafin ruwan, a miƙa bakinta ga mamatsi, ta faɗa cikin ruwan ɗauraya na farko. Mamatsin yana da wuya mai juyawa, don haka sai a karkato shi tsakanin bahuna biyun, a sake bi da tufar ta ciki zuwa ruwa na biyu, a sake karkato shi a matse ta ta faɗa kwando. Ke nan kowace riga sai ta ratsa hannun mai wanki sau uku kafin ta kai igiyar shanya. Akwai kuma dabarun da uwa take koya wa 'yarta. A naɗe maɓallai ciki, in ba haka ba robar za ta farfasa su. A fara miƙa rigar matashi ta rufaffen gefenta, domin idan aka fara ta baki, iska da ruwa za su taru ta kumbura kamar salka ta fesa wa mutum a fuska. A baje zanen gado kada ya cure ya shaƙe injin. A ɗaure gashi, a naɗe hannun riga.

Mu da muka saba da wankin hannu za mu ga wannan ma ai hutu ne, kuma hutu ne babba ga matan da suka fara samunsa. Kafin zuwansa, ranar Litinin ita ce ranar da matan Amurka da na Ingila suka fi jin tsoro a mako. Akan sa tsabtatattun kaya ranar Lahadi a je sujada, washegari a tara masu datti. A ɗebo ruwa a rijiya, a faskara itace, a tafasa kaya a tukunya, a dirje su a kan katako mai tsage tsage har yatsu su yi jini, a murɗe manyan zannuwa da hannu. Talata kuma ta tafi a guga da dutsen ƙarfe da ake ɗorawa a kan murhu. A garin Newton na jihar Iowa, kamfanin wani mutum mai suna Frederick Maytag, wanda asalinsa kayan aikin gona yake ƙerawa, ya fitar da injin wankinsa na farko a 1907, bahon katako da ake juyawa da hannu. A 1915 ya haɗa masa ƙaramin inji mai shan fetur saboda gidajen ƙauye da ba su da lantarki. A 1922 kuma ya fito da maburgin nan na ƙasan baho, mai tura ruwa ta cikin tufafi. Amfanin injin fetur ɗin zai fito mana idan muka tuna cewa har tsakiyar shekarun 1930, kusan gona ɗaya ce kawai a cikin goma take da wutar lantarki a Amurka. A 1937 kamfanin Bendix ya kawo injin da yake yin kome da kansa, daga jiƙo har matsewa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu irin wannan ya yi ta yaɗuwa, mai mamatsi kuwa ya yi ta ja da baya.

To, a nan ne tambayarmu take. Shaidu uku za mu saurara a kanta.

Na farko wani likita ne ɗan ƙasar Suwidin, Hans Rosling, wanda ya rasu a 2017. A wani jawabi da ya yi a 2010 ya ba da labarin ranar da aka fara kunna injin wanki na zamani a gidansu, yana ɗan shekara huɗu. Iyayensa sun yi shekaru suna tara kuɗinsa. Aka gayyato kakarsa, wadda ta yi rayuwarta tana dafa ruwa da itace tana wanke kayan 'ya'ya bakwai da hannu. Tsohuwar ta roƙi a bar ta ta danna maɓallin da kanta, ta jawo kujera ta zauna, ta zuba wa injin ido har ya gama. Mahaifiyarsa kuwa ta kama hannunsa suka tafi ɗakin karatu na gari. Da sa'o'in da injin ya mayar mata ta riƙa karanta masa littattafai, ita kanta ta koyi Turanci. Ya ƙiyasta a lokacin cewa cikin mutane biliyan 7 na duniya, kimanin biliyan 2 ne kawai suke da injin wanki. Shaidarsa ita ce, sauƙi kyauta ce, kuma wanda bai taɓa murɗe zanen gado da hannunsa ba bai kamata ya yi wa mai murɗewa wa'azin daɗin wahala ba.

Ta biyu malamar tarihi ce a Amurka, Ruth Schwartz Cowan. A 1983 ta wallafa littafi wanda ma'anar sunansa ita ce ƙarin aiki ga uwa. Ta nuna cewa kayan sauƙaƙa aikin gida sun rage ciwon jiki, amma ba su rage wa uwar gida sa'o'in aiki yadda ake zato ba. A dā maigida yakan faskara itace, yara su ɗebo ruwa, masu ɗan hali su ɗauki mai wanki ko su kai kaya gidan wanki. Da inji ya shigo, duk waɗannan hannuwa suka janye, aka ce ai yanzu abin ya yi sauƙi. Aka kuma ɗaga ma'aunin tsabta: rigar da akan sa kwana uku ta koma ta yini ɗaya. Sai ranar wanki guda ta watse ta cika mako, mace ɗaya kuma ta rage a gaban aikin. Shaidarta ita ce, sauƙi yakan shigo gida ya sauka a kan waɗanda dā ma ba su ne suka fi gajiya ba.

Na uku su ne masu bin da muka ambata da fari, waɗanda ake kira Amish. Sunansu ya fito daga Jakob Ammann, shugaban da suka bi sa'ad da suka rabu da 'yan'uwansu a ƙasar Suwizalan da kewayenta a 1693. Saboda tsanani suka ƙaura zuwa Pennsylvania a ƙarni na 18, yau kuma sun fi yawa a jihohin Pennsylvania, Ohio da Indiana. Ba su da ginin majami'a a yawancin wurare, a gidajen juna suke sujada, Lahadi ɗaya bayan ɗaya. Kowace ikkilisiya, mai iyalai kimanin 30, tana da ƙa'idar zamanta, kuma sau biyu a shekara, kafin cin jibin Ubangiji, masu baftisma sukan taru su sake amincewa da ita. Mutane da yawa suna zaton sun ƙi kayan zamani ne ɗungum. Abin da suke yi shi ne awo. Idan sabon abu ya zo, sukan jinkirta su ga abin da zai yi wa zaman tare. Sukan shiga mota a kai su asibiti, amma ba sa mallakarta, domin sun lura mai mota yakan yi nisa da maƙwabcinsa. Da yawansu suna amfani da tarho, amma a wata 'yar rumfa a bakin hanya, don kada ya katse hirar iyali a kan abinci. Ba sa jawo wayar lantarki ta gari zuwa gidajensu, domin ba su san iyakar abin da zai biyo wayar ba.

Injin wanki mai mamatsi ya tsallake wannan awo. Sukan juya shi da ƙaramin injin fetur ko na dizal, ko da iskar da aka matsa cikin tanki. Akwai masu ƙananan shaguna a cikinsu da suke sayen tsofaffin injunan Maytag suna gyarawa, har suna ƙera musu sababbin sassa. Iyali mai 'ya'ya shida ko bakwai ba ƙaramin wanki ne da shi ba, ba su kuma ce dole mace ta dirje shi da hannu don ta nuna ibada ba. Sun karɓi sauƙin da ya ɗauke mafi nauyin aikin, suka tsaya a nan. Wanda ya ratsa yankin Lancaster ran Litinin zai ga igiyoyin shanya masu tafiya bisa gargare, sun tashi daga shirayin gida har saman ɗakin dabbobi, an jera wanduna baƙaƙe da riguna daga babba zuwa ƙarami. Injin da ba ya gama aiki da kansa yana bukatar mutum a kusa, sau da yawa mutum biyu, ɗaya tana miƙawa ɗaya tana karɓa. A wurin nan yarinya take koyon aiki, a nan kuma take faɗa wa uwarta abin da ba za ta faɗa a gaban jama'a ba. Shaidarsu ita ce, wani sauƙin yakan tafi da abin da ba a sa shi cikin ciniki ba.

Sai dai kada sha'awar tsohon abu ta rufe mana ido. Mamatsi bai san bambancin hannun riga da hannun yaro ba. Idan ya kama yatsa sai ya ja, ya haɗiye tafin hannu, ya wuce gwiwar hannu, wani lokaci har hammata, robar tana ta juyawa a wuri ɗaya tana saɓule fata. Raunin ya yi yawa a Amurka har likitoci suka ba shi suna nasa na kansa, kuma yawancin waɗanda aka kai asibiti ƙananan yara ne da suka matso don su taya iyayensu ko don son gani. Shi ya sa aka sa wa mamatsin wani ƙarfe a sama, wanda in an buge shi sandunan suke rabuwa nan take. Uwa mai hankali takan fara nuna wa 'yarta wannan ƙarfe kafin ta nuna mata inda ake kunna injin. Tsufan abu ba ya mai da shi mai tsarki. Akwai kuma wani abin dubawa ko a cikin Amish ɗin: ko da yake mata masu baftisma suna da murya a taron ikkilisiya, shugabannin da suke kawo shawara maza ne, masu tsayuwa a gaban mamatsi ran Litinin kuwa mata ne. Duk inda mai yanke shawara dabam, mai ɗaukar kaya dabam, akwai bukatar tsoron Allah ƙwarai. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Idan muka haɗa shaidun nan uku, za mu ga ba su ƙaryata juna ba. Likitan ya yi gaskiya, wahala ba ta da lada don kanta, kuma rage wa mutum ita aikin ƙauna ne. Malamar ta yi gaskiya, inji ba ya raba adalci a gida, mutane ne suke rabawa. Amish ma sun yi gaskiya, abin da ya shigo gida yakan sake fasalin gidan, gara a yi tambaya tun yana bakin ƙofa. Don haka amsar tambayarmu ita ce: sauƙi alheri ne idan ya isa ga wanda ya gaji, idan kuma lokacin da ya mayar mana ya tafi ga abin da ya fi wanki daraja. Mahaifiyar Rosling ta san inda za ta kai sa'o'inta tun kafin injin ya tsaya. Da yawanmu kuwa mun sami sa'o'in, mun neme su mun rasa inda suka shiga.

Ba sai mun je Amurka za mu gwada wannan ba. Injin niƙa ya ɗauke wa iyayenmu mata dutsen niƙa, rijiyar burtsatse ta rage wa 'yan mata tafiya rafi, kuma mun gode wa Allah saboda su. Amma bari kowa ya tambayi kansa, sa'ar da aka samu, wa ya ci ta? Yarinyar ta sami zuwa makaranta da wuri, ko kuwa an ƙara mata talla? Ranar Lahadi mukan shigo sujada fes, rigunan mawaƙa suna ƙyalli, kayan zumuntar mata sun sha guga, babbar rigar dattijo ta sha sitaci. Hannun wa ya yi wannan? A gidaje da yawa yarinya ce da aka ɗauko daga ƙauye, wadda take wanke kayan 'ya'yan gida tun suna barci, ita kuwa nata sai in sauran ruwa ya rage. A waɗansu gidajen mai wanki da guga ne, wanda muke ja wa rai a kan 'yan kuɗinsa har wata ya zagayo. A waɗansu kuma uwar gida ce, ta dawo daga aiki kamar yadda maigida ya dawo, shi ya miƙe ƙafa, ita ta jawo baho. Tufafinmu sun fita, amma lissafin bai fita ba.

Amish suna da wata al'ada da ta dace mu tuna a nan. A ranar cin jibin Ubangiji, bayan gurasa da ƙoƙo, akan kawo bahuna da tawul, maza su wanke ƙafafun maza, mata na mata, biyu biyu. Suna bin abin da aka rubuta a Yohanna sura 13 ne, inda Ubangijinmu, a daren da za a bashe shi, ya ɗauki aikin da akan bar wa mafi ƙanƙanta cikin bayin gida, ya kuma umarci almajiransa su yi wa juna haka. A cikin dukan ayyukan da zai iya zaɓa don ya nuna irin mulkinsa, aikin ruwa da datti ya zaɓa, irin wanda ba a lura da shi sai ranar da ba a yi ba. Wanda ya gane wannan ba zai ƙara kallon baho a matsayin wurin da ya fi ƙarfin girmansa ba. Ba zai kuma hana iyalinsa abin da zai rage musu gajiya ba alhali yana da hali, yana fakewa da cewa iyayenmu ma haka suka sha.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka sayi sabon abu, ko kafin ka ƙi sayensa, ka zauna da wadda take yin aikin ka tambaye ta, ka kuma saurari amsar har ƙarshe. 'Yar'uwa, idan Allah ya ba ki abin da ya rage miki aiki, ki sa wa lokacin da kika samu suna tun bai salwance ba: na karatu ne, na ziyarar marar lafiya ne, na zama da 'ya'ya ne, ko na hutun da jikinki ya daɗe yana roƙo. Mu da muke da masu yi mana wanki, mu biya su a ranar da suka yi aikin. Mu koya wa 'ya'yanmu maza cuɗa da ɗauraya kamar yadda muke koya wa mata, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan mako ma, wanda bai saba ba ya naɗe hannun riga ya kama ɗaya bakin zanen gado a murɗe tare. Zai ji nauyinsa, zai kuma san abin da ake ɗauke masa shekara da shekaru.

Addu'a: Ya Ubangiji, mun gode maka saboda hannuwan da suke yi mana hidima a ɓoye. Ka gafarta mana inda muka ci sauƙi muka bar wa waɗansu gajiya. Ka ba mu hikimar auna abin da muke shigarwa gidajenmu, ka koya mana yin amfani da lokacinmu a kan abin da zai gamshe ka. Cikin sunan Yesu, Amin.